Mai gyaran gashin gidan yarin Litchfield da mai wainar unguwarmu

Tun kafin azumi nake son rubuta wannan abin a kan masu sauya jinsi da 'yan daudu ina fasawa, in buɗe waya in yi layi biyu in goge, saboda na san halin wasunku wallahi, ko karantawa ba za su gama ba za su gangara ƙasa su fara "Anti ke ma an saye ki", "Anti ki ji tsoron Allah". To babu wanda ya saye ni, da an saye ni ai da tuni na canza janaretan shagon nan da ke neman kashe ni da hayaƙi. Fim na kalla kawai, abu ya tsaya min a wuya, ni kuma in abu ya tsaya min sai na fitar da shi nake samun barci.

Waɗanda suka saba karanta ni sun san sana'ata, kitso da wankin kai da lalle, daga safe har bayan magariba ina tsaye a kan kawunan mata. In dare ya yi yara sun kwanta, Baban su yana can yana fama da labarai a rediyo, ni kuma sai in jona abin kunne in kalli fim mai dogon zango har barci ya ɗauke ni wayar ta faɗo min a fuska. Yaron da ke tura mana fina-finai a bakin layi shi ya loda min Orange Is the New Black, ya ce Anti wannan na gidan yarin mata ne za ki so shi. Bari in faɗa tun yanzu kada wata ta je ta kunna a falo ta zo tana zagina: ba fim ɗin kallo da yara ba ne sam, akwai wuraren da ni kaina sai na ja gaba da sauri. Netflix ne suka yi shi, ya fara fita a 2013 ya ƙare a 2019, zango bakwai cif, labarin matan da ke tsare a wani gidan yari da suka sa wa suna Litchfield.

A cikin matan nan akwai wata doguwa baƙa mai suna Sophia Burset, ita ce mai shagon gyaran gashi na gidan yarin. Ai kuwa nan take na gyara kwanciya, abokiyar sana'a ce. Kuma duk mai wannan aikin ta san in ɗan fim yana ƙarya da kum a hannu, yadda yake riƙe shi kamar zai soke mutum. Ita kam ta iya tsayuwar bayan kujera, ta iya kallon nan da muke yi wa kwastoma ta madubi muna sauraronta muna kuma lissafin yadda gashin ya karye a ƙeya. Har ta yi wa kanta silifa na wanka da salatif mai ƙyalli tana taƙama da shi kamar daga Dubai aka kawo. Akwai inda ta karɓi ɗan gashin Baturiyar da ta shigo sabuwa ta ba ta man shafawa a madadinsa, gashin kuma ta ƙara wa wata a kai, na yi dariya na ce wannan ko a kasuwar Rimi aka ajiye ta ba za ta kwana da yunwa ba. Sai da aka je kashi na uku na gane cewa Sophia namiji aka haife ta, kuma jarumar da ta fito a matsayin, Laverne Cox, ita ma haka take a zahiri.

A nan na fara samun matsala da Hausa. Harshen nan namu ba ya barin mutum ya ɓuya, kowace jimla sai ka zaɓa, ya zo ko ta zo, kai ko ke, naka ko naki, ko gaisuwa ce sai ka ce ka tashi lafiya ko kin tashi lafiya. Wata kwastomata Bayarabiya ta ce min su a yarensu kalma ɗaya ce take ɗaukar mace da namiji, na ce kun huta. Ni dai a rubutun nan "ita" zan ce, don haka take kiran kanta kuma haka aka san ta a sana'arta, wanda ya ga ba zai iya ba ya canza a zuciyarsa yana karantawa, ba zan bi shi gida ba. Sannan don Allah a daina haɗa wannan da mata-maza, na ga ana yawan yi a Facebook. Mata-maza halitta ce da ake haifar mutum da ita, malaman fiƙihu sun yi mata bayani har a babin rabon gado. Su kuma irin su Laverne gidajen rediyo "masu sauya jinsi" suke ce musu. Na san abin da malamanmu suka faɗa a kan namiji ya yi kama da mace, na yi Islamiyya, na ji hadisin, ban zo in halatta wa kowa komai ba, ni mai kitso ce ba mai fatawa ba. Abin da ya kawo ni daban ne.

Kashi na ukun nan shi ya kama ni. An koma baya aka nuna Sophia lokacin tana Marcus, ɗan kwana-kwana, da matarsa Crystal da ɗansu Michael. Kuɗin aikin sauya jinsin da aka yi mata a asibiti da katunan bankin mutane ta sata ta biya, shi ya kai ta kurkuku, kuma ɗan nata ne ya kai ƙara don haushi. Ka ga ba su mai da ita waliyyiya ba, ɓarauniya ce, ta cuci mutane, ta kuma cuci iyalinta ta wani fannin. Ni a matsayina na matar aure wallahi Crystal na fi tausayawa a ranar, mace tana tsaye tana taya mijinta zaɓen rigar mata tana gyara masa zaman rigar, idonta fal hawaye tana murmushin dole. Na ajiye waya na kalli Baban su yana munshari na ce Allah kada ka jarrabe ni da abin da ba zan iya ba. Amma kuma an nuna ɗaya gefen, hukumar gidan yari ta rage wa Sophia maganin sauya jinsin da take sha don rage kashe kuɗi, ta yi magiya ta yi roƙo an ƙi ko haɗa ta da likita, har sai da ta fizge kan wani ɗan mutum-mutumin kare da ke kan tebur ta haɗiye don dole a kai ta asibiti. Duk wadda ta taɓa bin layin asibiti tana roƙon a dube ta ta san wannan irin fitar hankalin.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki, wanda ya fito a matsayin Marcus ɗin ba ita ba ce aka yi wa kwalliyar maza. Ɗan uwanta ne, tagwaye ne su, sunansa M Lamar, mawaƙi ne shi. Jarumar fina-finan Amurka Jodie Foster ce ta ba da umarni a wannan kashin, an gwada Laverne da kayan maza aka ga bai zauna ba, sai aka ɗauko Hassan ɗin nata, ko Hussaini ne oho. Ka duba wannan ikon Allah, ciki ɗaya, rana ɗaya, kama ɗaya.

Daga nan fa na bar fim na koma bin labarin ita kanta, data ta ta sha wuya. An haife ta a 1972 a garin Mobile da ke jihar Alabama, can kudancin ƙasar Amurka inda baƙar fata suka sha bauta suka kuma sha wariya bayan bautar. Uwarsu malamar makaranta ce, ita kaɗai ta rene su, 'yar coci ce ta gaske. Laverne ta sha ba da labarin yadda yara ke bin ta da gudu daga motar makaranta har gida suna dukanta don tana tafiya tana magana kamar mace, da yadda malamarta ta aji uku ta kira uwar ta ce in ba a nema wa yaron nan magani ba wata rana a New Orleans za a tsince shi sanye da rigar mata. Tana shekara 11, bayan rasuwar kakarta, ta kwashi ƙwayoyi ta haɗiye don ta mutu, saboda tana ganin kakar na can tana kallon abin da ke zuciyarta tana jin kunya. Shekara sha ɗaya fa jama'a. Babbar 'yata shekarunta ke nan, har yanzu sai na tashe ta na ce ta je ta yi fitsari kafin ta kwanta.

Rawa ce ta riƙe ta. Ta samu shiga makarantar koyon fasaha ta jihar Alabama a Birmingham, daga nan jami'ar Indiana, ta ƙarasa a kwalejin Marymount Manhattan a New York, a can ta karkata zuwa wasan kwaikwayo. Sai kuma shekaru na wahala, ƙananan fitowa a fina-finan 'yan sanda, galibi a matsayin karuwa don shi ne kaɗai abin da ake ba irinsu, da aikin kai abinci tebur a wani gidan cin abinci. Ta fito a wani shirin gasa na neman aiki a wurin mawaƙin nan Diddy a 2008, ta yi wani shirin gyara wa mata kwalliya a 2010, duk ba su kai ta ko'ina ba. Lokacin da aikin Sophia ya zo ta kai 40, bashin haya ya taru mata, har ta fara shirin barin fim ta koma karatu. Ina son wannan ɓangaren saboda mutane suna ganin hoton mutum a kan jan kafet su ɗauka daga sama ya faɗo.

Shekarar 2014 ita ce shekararta. Aka sa sunanta a cikin masu takarar kyautar Emmy, babbar kyautar shirye-shiryen talabijin ta Amurka, karo na farko da wani mai sauya jinsi da ya fito fili ya samu haka a ɓangaren wasan kwaikwayo. Ba ta ci ba, kuma kun san wa ta kayar da ita? Abokiyar aikinta a fim ɗin, Uzo Aduba, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne 'yan ƙabilar Ibo, ita ce mai fitowa a matsayin wadda ba ta da cikakken hankali. Na ce to ko ba komai kofin gida ya zo. A watan Yunin shekarar mujallar Time ta sa hotonta a bango. Daga baya abubuwa suka yi ta biyo baya, mutum-mutumin kakin zuma a gidan Madame Tussauds a 2015, 'yar tsanar Barbie mai kamarta a 2022, ta fito a fim ɗin Inventing Anna, ta yi gabatarwa a bukukuwan ba da kyaututtuka, ban damu da waɗannan sosai ba gaskiya, kayan ado ne.

Wanda ya dame ni shi ne wata hira da aka yi da ita a farkon 2014 a shirin Katie Couric, babbar 'yar jarida ce a can. An fara da wata mai tallan kayan sawa, Carmen Carrera, aka tambaye ta kai tsaye game da al'aurarta, an yi aiki ko ba a yi ba. Da aka zo kan Laverne aka sake jefo tambayar. Ba ta yi fushi ba, ba ta ɗaga murya ba, ta zauna daram ta ce wannan naci a kan tiyata da abin da ke ƙarƙashin tufafi yana mai da su kamar wani kaya, yana hana a yi maganar abin da suke ciki na gaske, duka da kisa da rashin aikin yi. Sai ta kawo sunan Islan Nettles, 'yar shekara 21 baƙar fata da wani ya lakaɗa wa duka a titin Harlem a watan Agustan 2013 har ta mutu bayan 'yan kwanaki. Na ji kunya na kama ni ina kwance ni kaɗai, domin wallahi tambayar da ke raina ke nan tun kashi na uku, ita na fara bugawa a Google. Kuma na tabbata ita ce a ran rabin masu karanta wannan. Mu da ko sunan miji ba ma iya faɗa don kunya, amma in aka zo kan irin waɗannan mutanen sai kunyar ta gudu, mu ga muna da damar tambayar abin da ko likita sai ya nemi izini.

Ba a baki kawai ta tsaya ba. Akwai wata mai suna CeCe McDonald a Minneapolis, a watan Yunin 2011 tana tafiya da abokanta da dare za su sayo kayan abinci, wasu fararen fata a ƙofar mashaya suka fara zaginsu, zagin launi da zagin jinsi, wata mata ta fasa mata kofin gilashi a fuska ya tsaga mata kunci. A cikin rikicin CeCe ta ciro almakashi daga jaka, wani mutum cikinsu ya samu suka a ƙirji ya mutu. Rai ya salwanta, wannan ba abin wasa ba ne kuma ba zan share shi ba. Ta amsa laifin kisa ba da niyya ba aka yanke mata wata 41, ta yi 19 a gidan yarin maza. Laverne ta je har can ta yi hira da ita a kamara, ranar da aka sake ta a Janairun 2014 tana cikin masu tarbarta, kuma ta tsaya aka yi fim ɗin gaskiya a kan lamarin mai suna Free CeCe da ya fito a 2016. Shi ya sa da na kai ƙarshen zango na uku, inda wasu fursunoni suka rutsa Sophia a shagonta suka yi mata duka, hukuma kuma maimakon ta hukunta su sai ta jefa ita Sophian a ɗakin kaɗaici wai don kare lafiyarta, na gane ba ƙirƙira ba ce, abin da ake yi ne. A zango na huɗu an nuna ta ba hular gashi, ba hoda, ba jan baki, fuska duk ta faɗa, tana toshe masai da kaya don ruwa ya malala ko wani zai leƙo ya san tana raye. Mace mai son ado ta yarda a nuna ta haka a duniya, ni na san abin da wannan yake nufi, akwai kwastomomin da ko ni ba sa yarda in ga kansu sai an saki labule.

Ina za a ajiye mutum irin wannan, wajen maza ko wajen mata? Kada ku ce matsalar Amurka ce, kun manta watan Afrilun 2024 da kotu a Legas ta yanke wa Bobrisky wata shida saboda liƙi da naira? Kwana biyu ba abin da ake yi a intanet sai wannan tambayar, amma da sigar barkwanci, kowa da irin hoton da yake haɗawa, ni ma na tura wa ƙawayena biyu ko uku muka sha dariya. Ban tsaya ko na minti ɗaya na yi tunanin me dare yake zama ga mutum irin wannan a ɗakin da aka kulle da maza ba.

Maganar dariyar nan ita ce ainihin abin da ya sa na yi rubutun. A 2020 an fitar da wani fim ɗin gaskiya mai suna Disclosure, Sam Feder ya ba da umarni, Laverne na cikin manyan furodusoshi kuma tana cikin masu magana. Abin da suka yi mai sauƙi ne, suka kwaso fina-finan Amurka tun na zamanin da ba murya har zuwa yau suka jera yadda ake nuna irinsu. Ko dai abin dariya, ko mahaukacin makashi, ko gawa a kan teburin likita. Suka nuna yadda a The Crying Game na 1992 namiji ya gano wadda yake so ya ruga yana amai, bayan shekara biyu fim ɗin barkwanci na Ace Ventura ya ɗauki aman nan ya mai da shi wasa, daga nan kowa ya ɗauka. Suka ce kusan kashi 80 cikin ɗari na Amurkawa ba su san ko mutum ɗaya mai sauya jinsi ido da ido ba, ke nan duk abin da suka sani daga talabijin suka koya. Laverne ta ba da labarin yadda a farkon lamarinta in ta shiga jirgin ƙasa a New York mutane kawai sai su fashe da dariya, ba ta yi komai ba, shigowa kawai ta yi, ta ce tana ganin koya musu aka yi su yi hakan.

Koya musu aka yi. Na dakatar da fim ɗin a nan na daɗe ina kallon silin.

Mu ma ai muna da namu karatun. Tun ina yarinya in ɗan daudu ya fito a fim ɗin Hausa an san me za a gani, zani a ƙirji, karya hannu, murguɗa baki, tafa hannu da shewa, a yi ta dariya, ƙarshe ko a kore shi da duka ko ya tuba a minti biyun ƙarshe a rufe fim. Ban taɓa ganin an nuna shi yana lissafin kuɗin makarantar 'ya'yansa ba, ko yana jinyar uwarsa. Kuma kada a fahimce ni a karkace, ɗan daudu ba shi ne abin da Laverne take ba, yawancinsu maza suke kiran kansu, da yawa suna da mata da 'ya'ya, suna zuwa masallaci, sana'ar abinci ce ta riƙe su a tasha da kasuwa tun kafin a haifi iyayenmu, ba wani Bature da ya kawo su. Abu biyu ne daban. Dariyar da ake yi musu ce iri ɗaya.

A unguwar da na tashi akwai wani, ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa na nan da ransu. Waina yake yi a bakin tasha da miyar taushe, wallahi har yau ban ci wainar da ta kai tasa ba, mai laushi kamar auduga, gefen ya soyu ya yi ƙus-ƙus. In ana biki shi ake kira ya riƙe tukunya, matan unguwa su bar masa madafi ya yi ta ba su umarni. Amma in ya biyo ta layinmu da yamma da tiren a kai, mu yara sai mu bi shi a baya muna ihu muna kwaikwayon tafiyarsa, maza na jifa da tsakuwa, manya na zaune a dakali suna murmushi ba mai cewa ku bari. Ni ina cikin na gaba-gaba, na fi kowa iya kwaikwayonsa, har a gida ake sa ni in yi a yi ta dariya. Kakata ce kaɗai, Iya, in ta ji mu take fitowa da muciya ta ce don ubanku abincinsa kuke ci kuna jifansa. In ya zo wucewa ta ce "ɗan nan sannu da aiki", shi kuma ya durƙusa har ƙasa ya ce "Iya uwar ɗakina, Allah ya bar mana ke".

Laverne dai ta ci gaba da nata. A bikin Emmy na 2019 ta zo da wani lauya mai suna Chase Strangio a matsayin abokin rakiya, a hannunta da wata 'yar jaka da aka rubuta 8 ga Oktoba da sunan kotun ƙoli a jiki, duk ɗan jaridar da ya tambaye ta wa ya ɗinka rigarta sai ta juya maganar zuwa shari'ar da za a saurara ranar. Shari'ar ta haɗa da ta Aimee Stephens, wadda wani gidan shirya jana'iza ya kora daga aiki bayan ta ce za ta fara zuwa a matsayin mace. A watan Yunin 2020 alƙalai shida cikin tara suka ce korar mutum daga aiki saboda haka ya saɓa doka, amma ita Aimee ta rasu wata ɗaya kafin hukuncin. Wannan dabarar jakar ta burge ni, irin wayon matan kasuwa ne, an zo kallon kaya ka sayar da magana.

Sai dai kada wani ya ɗauka can ɗin sun gama yarda da su, ko kusa. A Nuwamban 2020, da duk shahararta, wani ya tare Laverne da abokinta a wani wurin shaƙatawa a Los Angeles yana tambayar namiji ne ko mace, ya rufe abokin da duka. Jiharta ta haihuwa, Alabama, a 2022 ta yi dokar da ta mai da ba yara 'yan ƙasa da shekara 19 magungunan sauya jinsi babban laifi, kuma gaskiya a maganar yara ni ma zuciyata ba ta kwanta ba, uwa ce ni. Ranar da Trump ya koma mulki a Janairun 2025 ya sa hannu a kan umarnin cewa jinsi biyu kawai gwamnati ta sani, har da cewa a fitar da irin su Sophia daga gidajen yarin mata na tarayya. A daidai wannan lokacin Laverne ta fito da wani fim ɗin barkwanci mai suna Clean Slate a Prime Video, ita da dattijon ɗan barkwanci George Wallace, labarin wani mai wurin wankin mota a garin nasu na Mobile da ɗansa ya dawo gida bayan shekaru a matsayin mace. Zango ɗaya aka yi aka dakatar. Na kalle shi, ba wani abin a zo a gani ba ne, wasu wuraren sanyi ƙalau, amma na lura da abu guda, ana dariya sosai a ciki kuma yawanci uban ne abin dariyar, yadda yake ta tuntuɓe da harshe yana neman abin da zai kira ɗan nasa, kamar dai yadda na yi ta yi a farkon rubutun nan.

Ranar da Iya ta rasu ina aji biyu a sakandare. Maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Wajen la'asar sai ga shi da manyan kuloli biyu na waina da bokitin miya, shi da wani yaro, babu wanda ya aike shi kuma ko kwabo bai karɓa ba. Ya yi wa mazan sallama, aka amsa ciki-ciki, ba wanda ya matsa masa a tabarma. Cikin gida kuma ranar makoki ba hurumin namiji ba ne. Sai ya tsaya a soro, tsakanin ƙofar waje da ta ciki inda ake jibge takalma. Umma ta ce in je in karɓo kayan. Na same shi tsaye ya jingina da bango ya ɗaga hannu yana karanta Ƙulhuwallahu, hawaye na bin gemunsa, da ya shafa ya ce "'yar nan ki ce wa Hajiya Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa Iya ta huta". Ya fi awa ɗaya a soron nan, masu shiga na raɓa shi masu fita na raɓa shi, sannan ya tafi.

Washegari ni aka ba kulolin in mayar masa tasha. Ya buɗe ya ga an wanke su tas, ya ce wa ya wanke, na ce ni ce. Ya ɗauki waina huɗu masu zafi daga kan tanda ya naɗe min a takarda ya barbaɗa sukari, ya ce in ci a hanya kada in kai gida yayyena su ƙwace.